Sun Hana Ni Shiga Tasha, Kuma da Turanci Suka Rubuto

Assalamu alaikum Malam Aliyu. Don Allah ka taimake ni kafin ranar Asabar, don in ba a tare ni ba zan aikata abin da ba zai gyaru ba.

Ni direba ne, shekara goma sha ɗaya ina jigila tsakanin Tsafe da Gusau. A tasharmu da alli ake rubuta lambar mota a allo, wanda ya riga zuwa shi ke fara lodi. Wani Lukuman ne mai rubuta layin. Yanzu da mutane ke tsoron hanya, sai ka yi kwana biyu layi bai zo kanka ba. Ranar Talatar da ta wuce, saura mota ɗaya a gabana, aka bugo mini waya cewa kawuna ya rasu a Bunguɗu. Na kwashi 'yan'uwa a motar muka tafi. Kowa ya sani a tasha jana'iza ba ta cin layin mutum, haka muka taras ana yi. Da na dawo bayan la'asar, ƙasar maƙabarta ko barin ƙafata ba ta yi ba, na tarar an goge lambata tas.

Na tambayi Lukuman. Ko gaisuwar mutuwa bai yi mini ba, ya ce wai mota ke riƙe layi ba mutum ba, tunda na fita da ita shi ke nan. Yana faɗa yana ɓarar gyaɗa. Malam, ban san lokacin da sifanar taya ta zo hannuna ba. Na kwaɗa masa a baki, na ƙara masa a kafaɗa. Haƙora biyu suka zube, jini har kan allon. Sai 'yan tasha suka yo mini ca, mai sanda, mai bel, wani ma da benci ya rafke ni. Suka fasa mini kai, suka farfasa gilashin motar, suka ja ni a ƙasa kamar buhun gero har bakin ƙofa. Yanzu haka ɗinki bakwai ne a ƙeyata.

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar takardar da shugabannin ƙungiyarmu ta direbobi suka aiko ba. Da Turanci fa. Mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya, shugaban namu ma da ƙyar yake rubuta sunansa. Na kai wa mai kemis na unguwarmu, ya duba ya ce kora ce ta har abada, in nemi wata sana'a. Ƙanwata Rukayya, malamar firamare a Tudun Wada, ta ce ba haka ba ne, amma na san lallashina take yi. Ga kalmomin na kwafo yadda suke. A sama akwai suspended da barred from the premises, can ƙasa kuma expelled and blacklisted. An ce ranar Asabar shugabanni za su zauna a kaina.

Ba zan ɓoye maka ba, na wasa adda, tana ƙarƙashin kujerar mota a ƙofar gidana. Ɗiyana huɗu, kuma tuƙi kaɗai na iya. In sun rufe mini ƙofa har abada, to wallahi zan shiga zaman nan, kuma ba ni kaɗai za a fito da shi a kwance ba. Ka gaya mini gaskiya, me suka rubuta?

Direban da aka goge, Tsafe

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kawu, kai kuma ya ba ka lafiya.

Ƙanwarka ba lallashinka take ba. Suspended dakatarwa ce ta wani lokaci, har yanzu kai ɗan ƙungiya ne. Barred from the premises na nufin an hana ka taka harabar tashar. Biyun ƙasa su ne masu nauyi. Expelled kora ce ta dindindin, blacklisted kuwa a aika sunanka sauran tashoshi kada kowa ya ba ka lodi. Ban ga takardar ba, amma a irinta waɗannan biyun gargaɗi ne na abin da zai biyo baya in ka karya sharaɗi. Da an riga an kore ka, ba za a sa ranar zama ba. Ka sa Rukayya ta karanta maka wannan sashe na takardar a tsanake. Turancin kuma kada ka ɗauke shi raini, irin wannan takarda ana aika kwafinta ofishin ƙungiya ne.

Kana da gaskiyarka. Bai kamata Lukuman ya goge ka bai tuntuɓi manya ba, waɗanda suka yi maka taron dangi su ma sun yi laifi. Sai dai shi ma yana da hujja, motar ta bar layi, kuma ban ji ka ce ka sanar da shi kafin ka tafi ba. Ko da shi ne bai kyauta ba, ka zubar wa mutum haƙora a kan rubutun alli. A duk tsawon wasiƙarka ba ka gaya mini yadda ya kwana ba, shi ma kuwa yana da masu jiransa a gida.

Yau ɗin nan ka fito da addar ka kai wa limamin unguwarku ya ajiye. Kada ka doshi tasha, takawa kaɗai ta isa ta jawo maka korar. Ka nemi dattawa biyu da ake jin maganarsu su raka ka gidan Lukuman, ka duba shi, ka ba shi haƙuri ba tare da kawo zancen layi ba, ka ɗauki nauyin jinyarsa gwargwadon hali. Ranar Asabar kada ka shiga sai an kira ka. Ka bar dattawan su ta da maganar jana'izar da ta kanka da aka fasa, a bakinsu za ta fi nauyi.

Ba zan yi maka alkawarin za su mayar da kai ba, amma har yau ƙofar ba a kulle take ba. In ka shiga da makami, takarda ta gaba daga kotu za ta fito, ɗiyanka huɗu kuma a gidan yari za su riƙa zuwa gaishe ka. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya mayar da kai bakin sana'arka lafiya.

Malam Aliyu