Haƙoran Hafsatu sun fita tas

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Malam da yara, ya kuma jikin naki? Mu nan Bungudu lafiya lau.

Wata uku Gwaggo ta Rawayya tana yawo da ni a dangi, wai alewa nake ɗura wa ɗiyata Hafsatu har haƙoranta suka yi baƙi. Ranar Talata na kai yarinyar asibiti a Gusau. Likita ya tambaya ko tana shan maganin ƙarin jini na ruwa, na ce tun da ta yi zazzaɓi. Ya ce shi ya rina su, ba ruɓewa suka yi ba. Nan take ya wanke mata su tas.

Ko gida ban biya ba, sai Rawayya. Na sa Hafsatu ta yi murmushi. Gwaggo ta daɗe tana kallo, goro a kumatu, sannan ta ce, "Shi likitan, yana wanke na goro?"

Ki gaishe da kowa, ki sa mu a addu'a. Litinin ni zan raka Gwaggo wurin likitan.

Ƙanwarki,
Saude