Turakun da Aka Kafa a Fadamarmu Sun Raba Ni da Kawuna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Fadama,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni mai bandar kifi ce a wani ƙauye kusa da Guri. Mahaifina masunci ne, mahaifiyata Bafulatana, mijina manomi. Ban taɓa ɗaukar wannan abin faɗa ba sai bana.

Na farko, bayan janyewar ruwa ma'aikatanka suka zo da igiyar awo da turaku, suka yanka fadamarmu gona-gona. Manoma kaɗai suka kira. Mijina ya samu tasa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi murna.

Na biyu, tun tasowata karɓa-karɓa ake yi da fadamar nan. In ruwa ya cika, ta masunta ce. Ya janye, a yi shuka. An girbe, shanu su shigo su ci kara su bar taki. Babu takarda, amma kowa ya san lokacinsa. Da dattawa suka bayyana wa ma'aikatanka haka, sai suka ce fom ɗinsu gurbin suna ɗaya gare shi.

Na uku shi ya fi ci min rai. Kawu Jauro, ƙanin mahaifiyata, ya koro shanunsa zuwa mashaya kamar kullum, ya tarar burtali ya zama gonar albasar mijina. Shanu suka tattake albasar. Aka je gaban mai gari, a can wasu suka riƙa kiran Kawu baƙo, mutumin da aka binne cibiyarsa a bakin kogin ƙauyenmu. Washegari ya tashi da rugarsa. Na aika masa da kifi, aka dawo min da shi. An yi sunan jikata, ko mutum ɗaya daga dangin uwata bai zo ba.

Ban ga laifin mijina ba, abin da aka ba shi ya kare. Ban ga na Kawu ba. Sai yanzu na gane cewa wannan karɓa-karɓar ce ta sa muka auri juna har aka haife ni.

Roƙona, ranka ya daɗe, a cire turakun da ke kan burtali kafin damina. A sake zama, a kira masunta da makiyaya, a ji bakin mata ma. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya. Kawuna ya tsufa, ina tsoron ya cika yana fushi da ni.

Wassalam.

Taka,
Hajara mai kifi