Sunan da Saude Ta Ƙi Faɗa

Karaye,
Lahadi, 3 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Lukumanu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da 'yan'uwan da ke tare da kai a can bakin teku. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana bayan wuyar da aka sha bara. Gero ya shigo gida, ana kan cirar gyaɗa a Tudun Kaya, dawa kuma ta sunkuyar da kai.

Wayar telgiram da na buga maka a watan Mayu layi biyu ce kawai, na yi maka alkawarin cikakken bayani, ban cika ba sai yau. Ɗanka, ɗan farina, ya dawo daga makarantar da yake koyar da Faransanci ranar Litinin, 13 ga Mayu, yana kukan ciwon kai. Talata zazzaɓi ya rufe shi. Laraba wuyansa ya ƙage, muka gane sanƙarau ne. Ranar Alhamis, 16 ga wata, muka sami mota za mu kai shi asibiti a Kano, Allah ya karɓi abinsa a hanya, daidai azahar, kansa a kan cinyata. Muka juyo, aka yi masa sutura bayan la'asar. Shekararsa ashirin da tara. Ya bar matarsa Saude, 'yar Rogo, da cikin wata huɗu. Iyakar abin da zan iya rubutawa a kan wannan ke nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Amma ba don wannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Albishirinka, Lukumanu! Ranar Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi, Saude ta sauka lafiya, an sami mace. Da yake tana takaba ba ta tafi goyon ciki gidansu ba, a nan gidanmu ta haihu, gwaggonta Turai ta zo daga Rogo don yi mata wankan jego. Jaririyar doguwa ce, da gashi cike da kai, da goshin nan namu da ba ya ɓuya. Yayarka Laure, uwargidana, wadda tun watan Mayu ba a ji dariyarta ba, ta ɗauke ta ta ƙi bai wa kowa.

Sai maganar suna ta taso. Manyanmu suka ce a yi mata huɗuba da Khadijatu, sunan mahaifiyarmu, ni ma na yarda a raina. Ana cikin haka Gwaggo Turai ta aiko a gaya mini cewa marigayin ya riga ya zaɓa. Tun cikin yana ƙarami ya ce wa matarsa jikinsa na ba shi mace ce, ya raɗa mata suna, har yakan yi wa cikin sallama da shi in ya shigo ɗaki. Bai gaya wa kowa ba sai Saude. Na yi murna ƙwarai, na ce to ta faɗa. Nan gizo ya fara saƙa, domin Saude ta ƙi. Jaririyar 'yar fari ce, kuma a wajenta suna ya riga ya tabbata tun daga bakin uban, ba za ta kama sunan 'yar farinta ba, balle a gidan surukanta. Aka lallashe ta, ta sunkuyar da kai. Na aika cewa ta rubuta da ajami, tunda ta yi karatun allo. Gwaggo Turai ta mayar mini da amsa cewa wai ni da ake cewa na yi ilimi, ban san hannu ma yana da kunya ba? Abin da kawai aka samu daga bakinta shi ne sunan baƙo ne, ƙarshensa irin na matan Faransa, masu ƙarewa da "in".

Wasu suka ce in sa a matsa mata. Kai ka san ni. Shekara ashirin da tara ban taɓa kama sunan yaron nan da bakina ba. Ko lokacin da yake ajina a firamare, "kai" nake ce masa. Na je har Ingila karatu na dawo, na bar abubuwa da yawa, wannan ban iya barinta ba, ga shi ko a takardar nan ban rubuta shi ba. Da wane baki zan tilasta wa 'yar mutane? Amma kuma in aka wayi garin suna ba a sani ba, abu ɗaya da ya nema wa 'yarsa ya bi shi ƙasa ke nan.

Allah ya kawo mafita ta hannun abokin aikinsa, Musye Kojo, mutumin Dahome, wanda ya zo barka ranar Asabar. Na zaunar da shi a zaure na zama ɗalibinsa. Ya yi ta jero mini sunayen nan, yana gaya mini inda kowanne ya fito da abin da yake nufi, ina maimaitawa yana gyara mini baki. Lukumanu, rabon da in ji daɗin karatu haka tun ina saurayi. Ashe ƙarshen ne kawai na Faransawa, su dai sukan ɗauko suna daga ko'ina su ɗaura masa wannan jelar, ya zama na mace, ya yi laushi a kunne.

Ga dabarar da muka yi. Ba zan shiga ɗakin mai jego ba, ita kuma ba za ta dube ni ba. Saboda haka washegari, bayan an gama mata wanka, na sa aka ajiye mini kujera a tsakar gida kusa da tagarta, na zauna kamar Laure nake wa hira, na ɗaga murya irin ta aji. Gwaggo Turai tana ciki tana kallon fuskar Saude. Matan gida da na maƙwabta suka bar daka suka kewaye ni. Na fara da Folin, na ce daga Latin yake, harshen Rumawan da, ma'anarsa 'yar ƙarama. Gwaggo Turai ta leƙo ta taga ta ce in zo in ɗauki jaririyar in ji, ta kusa kai turmi nauyi, in wuce gaba. Na ce Karolin, asalinsa Jamusanci, wato 'ya mai 'yanci. Ta tambaya yaushe aka taɓa sayar da wani a zuriyarsu da har sai an yi shela. Mata suka yi ta dariya, har ni sai da na kusa. Na kawo Jozefin, na bayyana musu cewa daga sunan Annabi Yusufu ya fito, ma'anarsa Allah ya ƙara. Duk tsakar gida aka amsa da amin, na ɗauka mun dace, amma daga ciki aka ce Saude ko motsi ba ta yi ba. Na ce Selin, wato ta sama. Nan Laure ta ce, a hankali, in tsallake wannan, sama ta riga ta karɓi nata rabon a gidan nan. Na tsallake. Na ƙare da Nadin, wanda Faransawa suka aro daga Rasha, ma'anarsa kyakkyawan fata. Shi na fi so, na faɗe shi har sau biyu. Gwaggo Turai ta leƙo ta girgiza kai. Guzurina ya ƙare, na tashi kamar malamin da ajinsa ya kayar.

Na aika wa Musye Kojo cewa ba mu dace ba. Bawan Allah ya sake hawo babur ɗinsa ya zo. Ya yi tunani ya ce a shekarar da marigayin ya yi a Faransa, da ɗaliban Tunis da na Labanan ya zauna gida ɗaya, kuma su ma suna da sunayen mata masu wannan ƙarshe, na Musulmi, Faransawa sun karɓa suna rubutawa irin nasu. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ai yaron nan ba zai nemo wa 'yarsa sunan da liman zai kasa ɗauka ba. Ni ne na tafi nesa, alhali abin yana kusa da gida.

Ranar Talata, jajibirin suna, ana ta dakan tuwo ana jiƙa goro, na koma kujerata. Na ce Sabrin, daga haƙuri a Larabci. Aka ce in wuce gaba. Na ce Shirin, na Farisa, ma'anarsa mai zaƙi. Gwaggo Turai ta ce a rufa mata asiri, kada kiyashi su kwashe musu 'ya. Na ce Yasmin, shi ma na Farisa, sunan fure mai ƙanshi. Aka ce Saude ta ɗaga kai, ta sake sunkuyarwa. Na gane muna cikin lambun da ake nema. Saura ɗaya gare ni. Na gyara murya na ce Nasrin. Ban kai ga faɗin ma'anarsa ba. Abin da Gwaggo Turai ta gaya mini daga baya shi ne yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki jaririyar da kanta a gaban manya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ta. Ni dai abin da na ji shi ne guɗa. Gwaggo Turai ta rangaɗa ta daga cikin ɗaki, matan tsakar gida suka ɗauka, har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko wata ce kuma ta haihu. Ita ce guɗa ta farko a gidan nan tun watan Mayu. Na ɗauki kujerata na koma zaure, na ɗan jima ban bari kowa ya shigo ba.

Da yamma na je wajen limaminmu, Malam Uba. Ya ce bai taɓa raɗa wannan suna ba, ba zai kuma faɗi abin da bai sani ba a gaban jama'a. Na ga gaskiyarsa. Ya ɗauko ƙamus ɗinsa na Larabci, muka duƙa a kai mu biyu, sai ga shi: farin fure ne mai ƙanshi, kalmar ta Farisa ce Larabawa suka ɗauka tun da daɗewa. Malam ya yi murmushi ya ce suna mai kyakkyawar ma'ana ba shi da laifi, kuma haƙƙin uba ne ya zaɓa. Amma manyanmu ba su saki ba. Suka ce a yi huɗuba da Khadijatu, wancan ya zama na kira. Ka san yadda wannan ke ƙarewa: sunan mahaifiyarmu ba mai iya kamawa, sai a koma Uwani ko Mama, na marigayin kuma ya zama abin wasa a bakin yara, ya ɓace. Na ce musu mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana da takwarori uku a zuriyar nan, shi kuwa wannan kaɗai ya roƙa. Sau ɗaya na faɗa, ban ƙara ba, su ma ba su ƙara ba.

Ranar Laraba da sassafe zaure ya cika har waje. Mutanen Rogo sun zo, na Kwanyawa sun zo, malaman makarantarsu sun zo da Musye Kojo cikin babbar rigar aro. Aka raba goro, aka yanka rago, Malam Uba ya ce sunan jaririya Nasrin, Allah ya raya. Maroƙi ya ɗaga murya ya kai shi cikin gida. Tsofaffi suka yi ta tambayar juna ko daga wace ƙasa, Malam Uba da kansa yana juyawa yana gaya musu fure ne, yana cikin littafi, kamar shi ya samo. A iya sanina babu mai wannan suna daga nan har Rogo. Ita ce ta farko, Lukumanu, kuma tamu ce.

Ka gaishe mini da Hajiya Mariya da Zuwaira da Sulle, ka ce wa Sulle ya riƙe karatu. Ka gai da Alhaji Maikuɗi, mai masaukinka. Laure tana gaishe ku, Gwaggo Turai ma ta ce a gaya maka goron da ka aiko bara ya yi mata kaɗan.

Abu ɗaya ya rage. In an yi arba'in Saude za ta koma gidan iyayenta da jaririyar. Tun yanzu dangin uwa Larai suke ce mata saboda ranar haihuwarta, wasu kuma Audi, don ba ta tarar da ubanta ba. Uwar ba za ta kama sunan ba har abada. Laure ta gwada, kuka ya hana ta. In ba a sami wanda zai riƙa kiran ta da shi ba har ta saba ta waiwaya, an raɗa ne kawai, bai zauna ba. Wannan aikin nawa ne. A tsakar gida na faɗe shi da ƙarfi, amma karatu nake yi a lokacin. Kullum da safe ana kawo mini ita zaure, in karɓe ta, in dubi goshin nan, in buɗe baki, sai in ji na ce amaryata, kamar kowane kaka. Ban kira ta da sunanta ba tukuna. Ka taya ni addu'a in iya kafin su tafi Rogo.

Wassalam. Ni ne wanka,
Sunusi.