Babur ɗin da Ya Kai Inna Barka

Yaya Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lahiyarka, ina Rabi da yara? Mu nan Filinge lahiya lau.

Na sayi babur mai batir. Iri biyu ne: wani ƙarhi gare shi, wani nisan tahiya kafin batir ya mutu. Abokaina 'yan kabu-kabu suka ce, "Ɗauki mai ƙarhi, hanyoyinmu rairai ne." Ni Inna na tuna, na ɗauki mai nisa.

Ran Juma'a na kai ta bayan Bonkuku, barkar haihuwar ƙanwarmu Hadiza. Sau biyu na tura babur ɗin cikin rairai, amma har muka komo batir bai mutu ba. Yanzu Inna tambaya take ko zai kai ta wurinka.

Ka sa mu cikin addu'a. Gaida maƙwabta.

Ƙanenka,
Isuhu