Zufar da ta koma bayanka

Ya Nafi'u, ruwan farko na damanata, inuwar gawona a tsakar rani, wawan da na fi so a duk faɗin Arewa,

Abokinka Rabo ya iso da saƙonka. Wai a ɗaga ɗaurin aurenmu sai wani jiƙo. Madalla da wannan jarumta, ango ya aiko manzo ga Baba, shi kuwa yana kwance a ɗaki a Ɗan Kassari gaban fanka!

Ka tuna ranar kasuwar Matankari? Ka sauko daga babur, goshinka na tsiyaya kamar randa sabuwa, ka kasa haɗa gaisuwa. Na sa bakin mayafina na share maka. A kan wannan ruwa na so ka, hasken idona. Fuskarka ba ta iya ƙarya ba. Duk lokacin da na shigo sai ta jiƙe, na san matsayina ba sai ka yi magana ba.

Sai kawuna ya yi wa zufarka dariya ranar gaisuwar iyaye, wata gwaggo ta ce aljana doguwa ce ta hau ka. Maganar mutum biyu, waɗanda ko sunan mahaifinka ba su riƙe ba, ita ta kai ka ƙasar waje, aka huda ƙarƙashin hammatarka, aka yanke jijiyar da ke ba fuska umarnin zufa. Ni da nake aikin rediyo, nake yini ina tambayar likitoci, ba ka tambaye ni ba. Da na gaya maka abin da suka rubuta ƙarara: sau da yawa zufar ba ta tafiya, ƙaura take yi, kuma jijiyar da aka yanke da wuya ta koma yadda take.

To, ga riba. Goshi busasshe kamar dutsen garinmu, tafin hannu sai da man kaɗe, fatar idon hagu ta ɗan sauko. Baya da ciki da cinyoyi kuwa, fadama. Rabo ya ce tsoronka ɗaya ne: ka zauna kan tabarma cikin farar shadda a gaban maza, a shafa fatiha, ka miƙe a ga shaida a bayanka. Saboda tabarma za ka bar ni? Saboda tabarma, Nafi'u?

Na yi fushi da kai, fushi mai tsanani. Ka ɗauki abin da nake so ka miƙa wa wuƙa ba da shawarata ba. Amma ni zuciyata ba a yanke mata komai ba. Har yanzu in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai na ajiye abin da ke hannuna, in ya wuce na rasa inda zan sa kaina.

Ban bar Rabo ya ga Baba ba. Rana tana nan inda aka sa ta. Shaddarka kuwa na karɓo daga tela na kai marina, an tura ta shuɗi mai duhu, wanda jiƙa ba ta nunawa a kai. Ka zo ka zauna, ka miƙe lokacin da kowa ya miƙe. In tabarmar ta jiƙe, tamu ce, ni zan shanya ta.

Taka, da zufa ko babu, har ranar da za a shimfiɗa mini tawa tabarmar ta ƙarshe,

Maimunatu
Dogon Dutsi