Alhaji Ya Ce Gidana Ne, Amma Ba Haka Ake Jin Maganar Ba

Zuwa ga Shugabar Ofishin Taimakon Gaggawa kan Gidaje, Greensboro.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Sunana Hajara Isa, ina ɗinki a wata masaƙa a nan garin. Da Hausa na rubuta, don ita ce ba na tuntuɓe a cikinta. 'Yata Bilki za ta juya miki da Turanci, za a kuma karanta wa jama'armu, Hausawa mazauna nan, ran Juma'a.

Na farko, godiya. A sanyin bana wuta ta tashi daga hitar kananzir da maƙwabcinmu ke ɗumama ɗaki da ita a McLeansville, ta cinye gidan da muke haya, ni da 'ya'yana uku, mahaifinsu ya rasu. Yau ga mu a ɗaki biyu da falo da kuka sama mana, ga ɗumi, ga bas a bakin titi. Alhamdu lillahi.

Na biyu, ba ni da ƙorafi kan binciken da kuka yi kafin ku sama mana gida. Kun tambayi 'yan sanda, kun tambayi tsohon mai gidan hayarmu da wurin aikina, ban ji zafi ba. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa in labari ya zo, a tabbatar kafin a yanke hukunci.

Na uku, ga inda aka samu kuskure. Bayan gobarar, Alhaji Garba, wani dattijon ƙasarmu mai tuƙin tasi, da matarsa Hajiya Rabi suka kwashe mu zuwa gidansu. Mu huɗu, su biyar, banɗaki ɗaya. Ma'aikaciyarku ta buga masa tarho, ta tambaye shi ko zai iya ci gaba da riƙe mu. Ya ce mata, "Ai gidanta ne, ta zauna har ranar da ta ga dama." Ita kuwa, baiwar Allah, ta rubuta cewa muna da wurin zama, ba mu cancanci taimako ba.

Ranki ya daɗe, Alhaji bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. A wurinmu, mutum ba ya buɗe baki ya ce baƙonsa ya yi masa nauyi, ko da a kujera yake kwana. Kuma a kujerar yake kwana. Ni ma da aka tambaye ni yaya muke, cewa na yi lafiya lau. Me zan ce, ga Hajiya tsaye kusa da ni da kwanon tuwo?

Sai da Bilki ta hau bas ta je ofishinku ta yi bayani, aka aiko mutum ya ga katifu a ƙasa, sannan aka gyara. To amma kafin a gyara mun daɗe a can fiye da yadda yarjejeniyar hayarsu ta yarda. Yanzu mai gidan ya ba Alhaji takardar tashi a ƙarshen wata. Ba shi ya gaya mini ba. Bakin Hajiya ne ya suɓuce tana taya ni rataye labule, ta ce, "Yaya Hajara, don Allah kar ki ce na faɗa." Allah ya yafe mini, na faɗa. Ba zan kwana cikin ɗumi wanda ya rufa mini asiri yana neman kwalayen kwashe kaya ba.

Roƙona biyu ne. Ki rubuta wa mai gidan da Alhaji yake haya kafin wata ya ƙare, ki shaida masa gobara ce ta kai mu, kuma jinkirin daga bincike ya zo, ba daga Alhaji ba. Sannan in wani namu ya zo gobe, kar a tambayi mai masauki ko zai iya. A tambaye shi mutum nawa, ɗaki nawa, ina kowa yake kwana. Wannan zai amsa daidai.

Abu ɗaya kawai: don Allah kar ki buga wa Alhaji ki tambaye shi ko akwai matsala. Zai ce miki babu komai.

Allah ya saka miki da alheri, ya tsare gidanki daga wuta, ya sa ki gama aiki lafiya.

Wassalam.

Hajara Isa