Ni na nuna wa tireloli gadar garinmu

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi, ina wuninku, ya iyali? Don Allah a ɓoye sunana, kuma a sassauta min wajen sharhi, ni ma ban yafe wa kaina ba.

Ina aure a Ƙofar Guga. Maigidana direban tirela ne, hatsi yake ɗauka daga Babbar Kasuwa. Kullum ƙorafinsa sikelin da ke babban titi kafin a hau gada. Doka ta ƙayyade nauyin da kowane layin taya zai ɗauka, su kuwa masu kaya sai sun lafta lodi har mota tana nishi. In aka auna ya wuce, a sauke masa buhuna, ya wuni a rana. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Ka bi ta garinmu mana, akwai 'yar gada bayan makaranta, sai ka ɓulla gaba da sikelin." Kuma wallahi ba tausayinsa ba ne kawai, so nake ya riƙa miƙa wa Innata saƙo. Sabulu da ɗan manja fa, a kansu na buɗe baki.

Ya bi, ya faɗa wa abokansa, su ma suka faɗa wa nasu. Gadar da aka yi don amalanke da a-kori-kura, ina za ta iya da tirela? Da daminar nan ta tsage, gefe ɗaya ya zauna. Yanzu mai naƙuda sai an zagaya da ita ta daji a kan babur kafin a kai asibiti.

Babana ne mai unguwa. Na je gaishe shi, na tarar duk ya rame. Ya ce, "Ɗiyata, baƙo bai san hanyar nan ba, ɗan gari ne ya nuna. Ran Juma'a in an idar da salla zan tsaya gaban jama'a in yi mashi Allah ya isa, ko wane ne." Na ce, "Baba, a yi haƙuri mana." Ya ce, "Ke kin san shi ne?" Na sunkuyar da kai na ce a'a. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Maigidana ya ce in ja bakina in yi shiru, ai Baba ba zai ambaci suna ba. To Allah bai san sunan ba ne? In na faɗa, na kunyata tsohona a garin da yake shugabanta. In na yi shiru, bakin mahaifina zai sauka a kaina, duk masallaci suna cewa amin. Tsoro nake ji, jama'a, kuma yau Laraba. Me zan yi?